Ni da gashina a Injamena

Aure ne ya kawo ni Injamena daga Kano. Muka bi ta Maiduguri da Gamboru, muka ratsa Kamaru zuwa Kusiri, muka haye gadar Ngeli. Cikin kayana har da robobin rilaksa, don tun ina sakandare nake shafawa. Larabcin Chadi ba na ji, Faransanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba, sefa ma sai maigida ya lissafa min.

Zafin watan Afrilu a nan yana haura digiri 40, ga iska busasshiya. Gashin da rilaksa ta riga ta cinye wa ƙarfi bai jure ba. In na taje sai mataji ya cika, gaban goshi ya soma ja da baya.

Gidan da muke haya a unguwar Ridina na wata dattijuwa ce, Bahaushiya haifaffiyar nan. Kakanninta sun taso za su Makka a ƙafa, suka yada zango tun garin ana ce masa Fort-Lamy, ba su ƙara gaba ba. Wata rana ta tarar da ni ina tsifa, ta kama gashin ta murza.

"'Yar nan, wuta kike sa masa?"

Na ce, "Inna, mai ne na miƙarwa."

Ta ce, "To ran Juma'a bayan la'asar ki shigo ciki."

A tsakar gidanta na fara ganin chebe da idona. 'Ya'yan wata bishiya ne, a soya su a kasko sai sun yi duhu, a daka da kanumfari da mahalab, ya zama gari ja-ja mai ƙamshin hayaƙi. Ana raba gashi kashi-kashi, a jiƙa da ruwa, a shafe shi da mai, a barbaɗa garin daga tsakiya zuwa baki, a sake mai, a sake gari, sannan a kitse manya-manya. Ba a kai shi fatar kai, yana sa ƙaiƙayi. Man da Inna take haɗawa karkar ne, na riɗi da kitse da kakin zuma. Wanda bai samu ba man kaɗe ma ya isa. Kallabinki da matashin kanki kuwa sai haƙuri, duk sai sun yi jirwaye.

Masu tallarsa a intanet suna cewa yana tsirar da gashi har gadon baya cikin wata guda. Zancen kasuwa ne. Chebe ba ya tsirar da gashi, ba ya kuma miƙar da shi. Aikinsa ya lulluɓe silin gashi ya riƙe danshi, kada ya karye, sai tsawon da ya fito ya zauna. Matan Larabawan Basara da aka san su da shi tun suna yara ake yi musu, kuma gashinsu kullum a kitse yake, ba a yawan taɓa shi.

Babu kuma wani haɗin gida, ko na kuɓewa ko na ƙwai ko na madarar kwakwa, da zai yi abin da rilaksa take yi. Ita sinadari ce mai kaifi irin soda, tana karya ginin silin gashi ne ya kwanta, abin da ta karya kuwa ba ya komawa. Shi ya sa take ƙona fatar kai. A 2022 wani bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, a kan mata sama da 33,000, ya gano masu yawan amfani da man miƙar da gashi sun fi sauran shiga haɗarin kansar mahaifa fiye da ninki biyu. Ni dai da na karanta, sauran robobin shara na kai su.

Wadda take son miƙewa, zare ne maganinta. A naɗe gashi da baƙin zare tun daga gindi, ya kwana biyu, a warware, sai ki ga ya saki ya yi tsawo ba wuta ba sinadari. Ruwa na taɓa shi zai koma yadda Allah ya yi shi, amma ba abin da ya lalace. Wajen wanki kuma ambunu suke jiƙawa, wato karkashinmu na miya. A zuba busasshen ganyen a ruwan zafi ya yi yauƙi, a tace, a wanke kai. Mataji wucewa yake yi salin-alin. Kakata a Kano da shi take wanke mana kai, mu ne muka raina.

Zaman chebe yana cin awanni, kuma ba a yinsa a bakin rufe. Maƙwabta Larabawa da Barebari suna shigowa, ana dafa shayi mai kauri, ana ta hira kan tsadar gero da bikin wance. A kan tabarmar nan na tsinci Larabcin da nake ciniki da shi yanzu a kasuwar Dembe. Da an ji harshena a kan ninka min kuɗi, yanzu kuwa ni ke raka amaren da aka kawo daga Najeriya sayen chebe, ina nuna musu wanda aka cakuɗa da ƙasa.