Kwaɗo da giwa a kan piyano: kwaikwayo da karatu a darasin farko

Yaro ɗan shekara 6 ba zai gane "sassauta wuyan hannunka" ba. Amma ka ce masa "yi tsallen kwaɗo", nan take hannun zai tashi yadda ake so. Shi ya sa littattafan 'yan koyon piyano suke cike da dabbobi: sunan dabbar ne ke gaya wa hannu motsin da zai yi. Dabarar kwaikwayon dabbobi da sauti ta daɗe. A 1886 Camille Saint-Saëns na Faransa ya tsara kiɗa mai kashi 14 da ke siffanta giwa, kunkuru, zaki da sauransu, har yau malamai suna kunna wa yara shi.

A fara da kwaikwayo, ba takarda, kamar yadda ɗan makaɗi ke ɗaukar kalangu ta kallon hannun mahaifinsa. Piyano na da madannai 88, baƙaƙe 36 daga ciki, a jere bibbiyu da uku-uku. Nan ya kamata a fara, domin ido na saurin gano su, kuma sautukansu biyar ba sa karo da juna ko yaron ya kuskure.

Kiɗan kwaɗo ke nan: yatsa na 2 da na 3 (babban yatsa shi ne na 1) su dira kan baƙaƙe biyu tare, su tashi da sauri, su faɗa kan biyun da ke gaba. Daga wuyan hannu tsallen yake fitowa. Idan ka ga kafaɗa ta ɗage, galibi kujerar ce ta yi ƙasa; a ɗaga ta har gwiwar hannu ta daidaita da madannai, a sa ɗan benci ƙarƙashin ƙafafu. Giwa kuwa can hagu take, wajen sauti mai kauri, da yatsa na 3 kaɗai, nauyin hannu gaba ɗaya na sauka a kansa. Abin lura shi ne gaɓar ƙarshe ta yatsan, kada ta lanƙwashe ciki. Maciji na koyar da haɗa sauti: ba a sakin madanni sai na gaba ya sauka. Malam ya kaɗa gaɓar kiɗa biyu (gaɓa a nan ɗan yanki ne na kiɗan mai 'yan bugu kaɗan), yaro ya maimaita, a ƙara biyu, har takwas. Iyaye su ɗauki bidiyon hannun malam a waya, don kafin gobe rabi ya zube.

Akwai illa guda da ba a cika kula da ita ba. Yaron da ya saba da giwa da tsuntsu yakan ɗauka cewa sauti mai kauri dole ya zo da ƙarfi kuma a hankali, siriri kuma da sauri. A warware masa wannan da wuri: giwa ta yi sanɗa, tsuntsu ya yi tafiyar hawainiya.

Karatun alamomin kiɗa a takarda kuma kada a jinkirta shi. A darasin minti 30, goma na karatu ne tun makonnin farko. Kiɗan karatu ya zama mai sauƙi ƙwarai fiye da na kwaikwayo: sautuka uku na fararen madannai da ke jere, masu suna C da D da E, gaɓa huɗu, a kira shi tafiyar kunkuru. Ana rubuta alamomin kiɗa a kan layuka da filayen da ke tsakaninsu, kuma abin da yaro zai kalla shi ne tazarar da ke tsakanin alama da alama. Daga layi zuwa filin da ke kusa, farin madanni na gaba ke nan. Daga layi zuwa layi na gaba, an tsallake madanni ɗaya, zomo ya yi tsalle.

A nan malamai da yawa ke ɓata aikin, kuma abin na da ciwo, don yaron ne ke biya daga baya. Suna kaɗa masa kiɗan karatun tukuna, kunnensa ya haddace, ya zuba wa takarda ido kamar mai karatu. Wasu kuma su rubuta lambar yatsa a kan kowace alama, sai ya koma karanta lambobi. Lamba ɗaya a farkon layi ta isa. In kana son sanin gaskiyar lamarin, nuna masa gaɓa ta uku ka ce ya fara daga nan. Wanda ya haddace sai ya koma farko. Irin wannan yaro a ba shi sabbin gaɓoɓi huɗu kowane darasi, waɗanda bai taɓa ji ba, ya tafa tsawon sautukan da hannu, ya bi alamomin da yatsa yana faɗin "sama, ƙasa, tsalle", sannan ya taɓa piyano.