Tsakuwa biyar a kan tabarma

A shekarata ta farko ta koyarwa, a wata makarantar nazare da ke unguwar Mabera a Sakkwato, babban abin alfaharina shi ne yaran ajina 'yan shekara huɗu sun iya ƙirga daga ɗaya har ɗari da Turanci. Iyaye na murna, ni ma ina jin na iya aiki. Wata rana na zube tsakuwa a kan tabarma, na ce wa yarinyar da ta fi kowa zaƙin murya wajen ƙirgar ta miƙo mini guda biyar. Ta dumbuzo cikin hannu ta ba ni. Na sake cewa biyar, ta sake dumbuzowa. Na daka mata tsawa har ta yi kuka. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin waƙa kawai na koya mata, ita kuma waƙar ta riƙe.

A daren na zaro takardun da muka yi karatu da su a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Jean Piaget, masanin tunanin yara, mutumin Suwizalan da ya rasu a 1980, ya raba bunƙasar tunanin yaro mataki huɗu: daga haihuwa zuwa shekara 2, daga 2 zuwa 7, daga 7 zuwa 11, sai na ƙarshe daga nan zuwa sama. Na haddace wannan don jarrabawa, ban taɓa ɗora shi a kan yaro mai rai ba. Yarana suna mataki na biyu, inda abin da ido ya gani shi ke yanke hukunci.

Washegari na gwada da kaina. Na ɗebo ruwan randa a kofi biyu iri ɗaya, kowa ya yarda daidai suke. A gaban idonsu na juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya. Wani yaro ya yi wuf ya nuna kwalbar: "Malama, wanga ya hi yawa!" Kusan duk ajin suka bi shi. Na jera marafan kwalba layi biyu, shida-shida, na baje layi ɗaya ya yi tsawo, nan ma suka ce dogon ya fi. Babu taurin kai a ciki, iyakar inda tunaninsu ya kai ke nan.

Piaget ya sa na daina faɗa, amma takwaransa Lev Vygotsky na Rasha, wanda tarin fuka ya kashe a 1934 yana da shekara 37, shi ya nuna mini abin yi. A wurinsa, koyarwa tana cin nasara ne a tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan an kama masa. Da na karanta, makarantar allonmu ta faɗo mini a rai, yadda babban ɗalibi ke biya wa ƙarami har bakinsa ya faɗa, sannan ya ƙyale shi. Na fara haɗa wanda ya ɗan gane da wanda bai gane ba, suna taɓa kowace tsakuwa da yatsa suna kiran lambarta da Hausa. Na kuma daina hana su magana da kansu lokacin aiki, domin a fahimtar Vygotsky da wannan ƙunƙunin yaro ke jagorantar tunaninsa. Da can surutu nake kiransa.

Shekarun da Piaget ya ƙayyade ban ɗauke su kamar an kafa da ƙusa ba. Akwai wata da ke raka yayarta tallar gyaɗa, ta riga sa'o'inta gane adadi nesa ba kusa ba.

Inda nake shan wahala har yanzu shi ne wajen iyaye. Wani uba ya taɓa ce mini: "Malama, ɗan maƙwabcina ya kai ɗari, nawa kuwa wasan duwatsu kike sa shi." Na ba shi haƙuri, na roƙe shi idan an zauna cin abinci ya sa yaron ya kawo cokula daidai da yawan mutanen gidan. Ƙirgar ɗari ɗin ma ban jefar da ita ba, tunda ana buƙatarta ranar bikin yaye ɗalibai, amma minti goma kacal nake ba ta kafin a tashi.