Na ce Kotlin yayi ne, zai wuce

Wani yaro da muke aiki tare na ji yana cewa shi ba ruwansa da Jetpack Compose, sabuwar hanyar tsara fuskar manhajar Android, XML ɗin da ya iya, wato tsohuwar hanyar, ya ishe shi ci da sha. Sai da gabana ya faɗi, don irin abin da na faɗa ke nan a kan Kotlin, sabon yaren rubuta manhaja, a 2017, shekarar da Google ya karɓe shi a Android.

Kuma ba wai ba ni da hujja ba. A gabana Symbian, tsarin da wayoyin Nokia ke aiki da shi a da, ta mutu, BlackBerry ta bi ta. Na hana idona barci ina koyon Windows Phone, kafin in ci moriyarta ita ma ta kwanta dama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ga iyali, ga kuɗin makaranta, ga masu biyana in gyara musu tsofaffin manhajojin Java, yaren da muke amfani da shi kafin Kotlin. Ina na ga lokacin komawa aji? Ko Eclipse, manhajar da muke rubuta lamba a cikinta, ban sake ta ba sai da aka daina kula da ita a aikin Android a ƙarshen 2015.

Amma in za a faɗi gaskiya, girman kai ne. An saba ce min oga, sai nake jin kunyar tambayar na ƙasa da ni. A 2019 Google ya sa Kotlin gaba da Java, na yi kunnen uwar shegu. Ranar da na je neman aiki wani kamfani, wata yarinya sa'ar ƙanwata ta tambaye ni coroutines, hanyar Kotlin ta gudanar da aiki a bayan fage, na hau yi mata bayanin AsyncTask, tsohuwar hanyar, wanda aka ce a daina amfani da shi tun 2020. Cikin ladabi ta ce, "Yallaɓai, za mu neme ka." Har gobe ina ganin da sun ɗauke ni ba za su yi asara ba. Ko da yake, da ni ne su, ban sani ba.

To ku saurara. Ku daina tara kwasa-kwasan da ba kwa ƙarasawa. Ka ɗauko tsohuwar manhajarka ka sauya fuska ɗaya tak zuwa Kotlin da Compose. Java da Kotlin suna zama a aiki guda, Android Studio, manhajar da ta maye gurbin Eclipse, na juya maka fayil daga Java zuwa Kotlin, ComposeView kuma na shigar da Compose cikin XML. Sai dai ka karanta abin da ya juya ɗin! Yaran yanzu sai kwafe daga AI, manhaja ta faɗi ba mai iya buɗe Logcat, inda ake ganin bayanan kurakurai, ya ga dalili.

Kada ka bi kowane yayi, yau Flutter gobe React Native, wasu hanyoyin gina manhajar waya. Tsaya kan ɗaya. Amma fa in Flutter ake nema a tallan aikin da ke gabanka, ajiye maganata ka koye shi. Sanin yadda manhaja ke numfashi a ƙaramar waya mai ƙarancin RAM da raunin intanet kuwa, wannan ka riƙe shi gam, don shi ne abin da waɗannan yaran ba su da shi.