Asabar a Ƙarƙashin J5 Mai Ɗaki

Aikin yau shi ne fitar da tsohon injin motar Peugeot J5 ɗin nan mai ɗakin kwana da kicin a baya, da ɗora wanda ya zo daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Irin motocin nan ne da aka ƙera tsakanin 1981 da farkon shekarun 1990, jikinsu ɗaya da Fiat Ducato da Citroën C25. Injin fetur ne mai 1971cc, ɗan gidansu injin 504.

Tun kafin a taɓa sifana aka rufe tukunyar gas aka fitar da ita waje. Sannan batir. Mota mai ɗaki batir biyu gare ta, na inji da na ɗaki, kuma akwai rile, wato makunni mai aiki da kansa, da ke haɗa su don caji. Wanda ya cire na inji kaɗai yana iya tarar da wuta a wayar da yake zaton ta mutu, sifana ta taɓa jiki, waya ta narke. Duka biyun aka kwance, an fara da wayar as, wato ta nagatif da ke ɗaure a jikin mota.

An tsiyaye baƙin mai da ruwan lagireto da man giyabos. Na giyabos wajibi ne, domin a gicciye injin yake, tayoyin gaba yake ja, da zarar an zare shaf mai zai biyo baya. Notin shaf na cikin taya kuwa tun motar tana ƙasa aka sassauta shi. Motar ta doshi tan 3, don haka ba a yarda da jak shi kaɗai ba, an kafa mata ƙafafun ƙarfe, an tokare tayoyin baya.

Wajen ɗagawa ne ɗakin ke nuna halinsa. Gadon da ke saman direba ya zarto har kan gilashi, ba hanyar rataya sarƙa daga sama ta sauko daidai kan inji. Sai aka cire tayar sifiya daga mazauninta na wajen inji, aka kwance bamba da fuskar gaba da lagireto, aka shigo da maɗagi mai dogon hannu ta gaba. Kowace waya da kowane tiyo an naɗa masa salatif an rubuta lamba. Bayan salansa da wayar kuloci da sandunan giya, aka saki injin sit, wato maɗauran da ke riƙe inji a jikin mota, inji da giyabos suka fito a haɗe.

Abin da ya fi cin lokaci, kuma ya cancanci lokacin, shi ne jera injin biyu gefe da gefe a ƙasa. Masu sayarwa kan ce na 504 da na J5 duk ɗaya ne. Asali ɗaya ne, amma na 504 a miƙe yake zama, na J5 a gicciye, saboda haka kwanon mai da bututun tsotso da manifol da wuraren ɗaure injin sit ba sa zuwa daidai. Ko na J5 ɗin ne ma, a ƙirga haƙoran filawil, wato faifan bayan inji da kik ke juyawa, a gwada da kik kafin a rufe. An sa sabon sil na bayan kuranshaf, sabon faifan kuloci da boris ɗinsa. Kuɗinsu kaɗan ne, amma in suka lalace daga baya sai an sake sauke komai, kuma nauyin ɗaki yana cinye kuloci fiye da na motar haya. An daidaita faifan a tsakiya da sandar gwaji, in ba haka ba giyabos ba zai shiga ba ko an kwana ana turawa.

Ba a buɗe tof silinda ba, kuma da gangan ne. Silif ɗin wannan inji, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, cikin ruwa suke zaune. In aka ɗaga tof aka juya kuranshaf ba tare da an danne su ba, za su motsa daga mazauninsu, ruwa ya riƙa gangarawa cikin mai. Bawul kawai aka saita yana sanyi: 0.10mm na shiga, 0.25mm na fita. Wuta tana bin silinda a jeren 1-3-4-2, kuma Peugeot daga ɓangaren filawil take fara ƙirga silinda. Makanikai da yawa a nan suke juya wayoyin dilko mai raba wuta ga fulogi, inji ya yi ta harbi ta kafireto.

Da la'asar injin da aka kawo ya hau mazauninsa. Ba a ɗaure injin sit tamau ba sai da duka suka hau. An zuba mai kimanin lita 4, aka cire fulogi da wayar kwayil, aka yi ta kik har fitilar mai ta mutu, sannan aka mayar aka tayar. An buɗe hita gaba ɗaya yayin cika ruwa don iska ta fita, aka jira fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya.

Akwai ɗigon mai kaɗan a bakin shaf na dama, sil ɗin giyabos ne, gobe za a canja. Rilen caji ma bai tura wuta batirin ɗaki ba tukuna, sai an bi siririyar wayar da ke fitowa daga altaneta.