Tagogin da suka cinye mini kuɗin katanga

Har yau in na tsaya tsakar makarantar nan na dubi gabas sai raina ya sosu, don an faɗa mini, ni ne na ƙi ji.

Bayan gobarar Nuwamban 2021, wadda ta kashe yara sama da 20 a azuzuwan zana a nan Maraɗi, na ce ko aji uku ne sai na gina na ƙwarai a filina na Ali Ɗan Sofo. Ɗan yayata da ya karanta zanen gini a Yamai shi ya zana: kowane aji mita 9 a mita 7, ƙofa biyu masu buɗewa waje, don abin da ya faru bai bar zukatanmu ba. Wannan duk ya tafi daidai.

A zanensa tagogi kudu da arewa suke kallo. Ni kuwa titi yana gabas da filin, ina son duk mai wucewa ya ga manyan tagogi ya san lakwal ta zamani ce. Na sa aka juya ginin. Yaron ya ce: “Kawu, rana fa.” Na ce kuɗina ne ko nasa? Tsohon maginin da ke mana aiki ya aje cokalin gininsa ya ce: “Malam, ka taɓa ganin kakanka ya yi wa ɗaki ƙofa ta gabas? Daga can hadari yake tasowa.” Na yi dariya, na ce wannan zancen ginin laka ne, mu siminti muke.

Ranar farko da muka buɗe a Oktoba, ƙarfe takwas rana ta shigo ta kwanta bisa allo, ƴan layin baya ba su ganin komai sai ƙyalli. Malamar ƴan CI, wato ajin farko na firamare, ta rataya zanenta a taga. Zane, a ginin da na yi ta cika baki da shi! Watan Afrilu, da zafi ya haura 40, tagogin yamma suka karɓi aiki, da la'asar aji ya koma kamar tanda, yara sai gyangyaɗi. Sai ruwan farko na Yuni ya zo da iskarsa daga gabas, ya bi ta ganyen tagogi ya jiƙa littattafai da tebura.

Abin da ya cece mu shi ne rufin. Yaron ya nace a ɗaga kwano sama da silin a bar rata iska ta riƙa ratsawa, irin wanda mai zanen gini Francis Kéré ya yi a makarantar Gando ta Burkina Faso. Nan ma na so in hana don tsadar ƙarfe, Allah ya sa na yi shiru.

Gyara kuwa ya ci: baranda mai faɗi gabas da yamma, rage tagogi, dasa bedi a jere. Kuɗin katanga kaf suka tafi, har yanzu waya ce zagaye da mu, awakin unguwa sun riga sun cinye bedi huɗu.

Wanda zai gina, kafin a haƙa tushe ya je filin da hantsi, ya koma da la'asar, ya ga inda inuwarsa take faɗuwa. Tsohon maginin bai taɓa yi mini gori ba. Da muka kira shi aikin baranda, ya dai tambaye ni ko wannan karon ya auna ko in auna.