Replace da substitute: ku kula da wanda ya fita da wanda ya shigo

Ƙannena masu shirin WAEC da JAMB, da ku da kuka fara tsaron shago kuna tura wa mutane saƙo da Turanci, ku riƙe kalmomin nan biyu da kyau, replace da substitute. Duka dai maganar sauyi ce, a cire wani abu a sa wani a gurbinsa, amma jerin da suke bi ba ɗaya ba ne.

Replace ba ta ba mu wahala saboda yadda bakinmu ya saba haka take tafiya. In ka je Farm Centre ka ce wa mai gyara canja min batirin nan da sabo, ai tsohon ka fara ambata sannan sabon. Toh haka replace the old battery with a new one take, na farko ya fita, wanda ya biyo bayan with ya shigo. Ita kuwa substitute da zarar ta haɗu da for sai ta juya. Substitute honey for sugar, zuma ce ta shigo, sukari aka ajiye. Wanda ka fara ambata shi ne mai shigowa.

Ni a Kantin Kwari na koyi wannan, kuma da tsada na koya. Ina yaron shago lokacin, sallah ta matso, maigidana ya ce in rubuta wa mai turo mana kaya daga Legas cewa shuɗiyar shadda ba ta tafiya, a cire ta a sa fara. Ni kuma a ganina substitute ta fi nauyi, ta fi kama da Turancin manya, sai na rubuta substitute the blue for the white na tura, ko sake dubawa ban yi ba. Bawan Allahn nan abin da na rubuta shi ya yi. Aka sauke dila aka yanke igiya, shuɗi ne tun daga sama har ƙasa, ga mutane suna ta shigowa neman fara muna ba su haƙuri suna wucewa shagon gaba. Maigida bai ɗaga murya ba, wayar kawai ya miƙa wa wani maƙwabcinmu ya karanta masa saƙon, shirun da ya yi bayan nan wallahi ya fi min faɗa ciwo. Kayan nan sai bayan sallah aka karyar da su.

Za ku ji ana cewa substitute sugar with honey, wannan kam ma'anarta irin ta replace ce, sukari ya fita, kuma ana faɗa sosai. Amma akwai malaman da ba sa son ta, don haka a jarrabawa ku tsaya a kan substitute da for, replace da with, in kuma ba a sa mai aikatawa a gaba ba sai ku ce was replaced by.

Masu kallon ƙwallo ku ma ku lura, in mai sharhi ya ce ɗan wasa was substituted, cire shi aka yi, alhali wanda ya taso daga benci shi ake kira substitute. Sannan replace tana da wata ma'ana ta mayar da abu wurinsa, in ka ga replace the cap after use a jikin kwalbar magani ba sabon murfi aka ce ka siyo ba, rufewa za ka yi.

A harkar kuɗi kuwa don Allah ku bar neman babbar kalma. Ku rubuta remove the blue, send the white, kowa ya gane, sannan ku ce a turo muku hoton kayan ta WhatsApp kafin a ɗora wa mota.