Asabar, Aboabo: gobe babban zai tafi Tamale

Yau ban buɗe shago ba sam. Tun bayan asuba nake kan takardar kayan da makarantar kwana ta babban ɗana ta ce a kawo, katifa, bokiti, tsintsiya, adda, farin yadi, ga gari da shito da suga da Milo da za a zuba masa a cop bos, akwatin abincin 'yan kwana. Na shiga kasuwar Kejetia nan Kumasi da hantsi, ban fito ba sai da aka kira azahar, ƙafafuna har yanzu zugi suke. Tun 2017 da aka fara karatun sakandare kyauta mutane ke cewa ai an hutar da iyaye, eh kuɗin makaranta kam an ɗauke mana Alhamdulillah, amma wanda ya riƙe takardar nan ya zaga kasuwa ya san sidi na fita. Kwamfutar rabon makarantu ce ta jefa shi Tamale bayan BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, babansu ya ce alheri ne tunda akwai dangi can, ni dai na ce to.

Abin da ya sa na zauna rubutu da daren nan ba kayan ba ne, waƙar ce.

Na daɗe ina rubuta waƙa a ɓoye cikin littafin da nake rubuta awon kwastomomi, ta baya. Na yi wa auta lokacin da haƙori ke fito mata tana hana mu barci, na yi wa ta tsakiya ranar da ta fara azumi ta kai har magariba tana hawaye amma ta ƙi shan ruwa. Waɗannan ba su ba ni wahala ba, ina kan keke ina ɗinki baiti zai zo in tsaya in rubuta in ci gaba. Amma shi babban ban taɓa yi masa ko ɗango ɗaya ba, kuma duk wadda ta tashi a gida irin namu ta san dalili. Ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ba na yabonsa gaban mutane, yana jariri in Hajiya surukata na tsakar gida ko kallonsa ba na yi sosai, ita ke ɗaukarsa ita ke masa wasa. A zangon Kumasi yanzu 'yan mata da yawa sun bar wannan, za ka ga yarinya ta sa hoton ɗanta na fari a status da suna da komai, ban ce sun yi laifi ba, amma ni ba haka aka rene ni ba kuma bakina ya riga ya saba.

To yau da la'asar ina ninke masa kaya sai na ciro bargona na sa a ƙasan akwati, don an ce sanyin hunturu na arewa ba irin namu na nan ba ne, kawai sai ga magana ta taho min har wuya. Na ja littafi na shige ɗaki. Ƙwar biyu na yi, watau kowane baiti ɗango biyu, amsa-amon "na", don shi ne ya fi zuwa da kansa in uwa ce ke magana, komai nata ne. Ga uku daga ciki:

Ban kira sunanka gaban mutane ba ɗana,
Amma shi ne farko a cikin addu'o'ina.

Zanen goyonka yana nan cikin akwatina,
Ya koɗe, amma ya fi leshi a idona.

In ka ji sanyi a Tamale ka ja bargona,
Ƙamshin da ke jikinsa turaren ɗakina.

Ni ban yi karatun aruli ba, da kunne nake auna kari, in rera a hankali da muryar ƙasidun da muke yi a makarantar dare lokacin Maulidi, in ɗango ya yi tsawo numfashi zai gaya min sai in rage. Na biyun nan ya sha gyara, da farko na sa atamfa sai ta ƙi zama, leshi ya zauna daidai.

Ina cikin rerawa ashe ta tsakiya na bakin ƙofa. Yarinyar nan ba ta riƙe magana, da gudu ta je ta ce wa Hajiya "Mma ta yi wa Yaya waƙa, tana kuka." Hajiya ta aiko a kira ni, na je na durƙusa, ta dube ni ta ce "Amarya," har yau haka take kirana da 'ya'ya uku, "ɗan fari ake yi wa waƙa?" Na yi shiru. Ta ce in karanta. Wallahi da ƙyar na iya, murya na rawa, kaina a ƙasa. Da na gama ba ta ce ta yi daɗi ba, ba ta ce ba ta yi ba, ta ce in ƙara masha Allah da tubarkalla a ciki saboda bakin mutane, kuma kar in kuskura in sa a Facebook. Wannan kam na yarda da ita ɗari bisa ɗari, yaro ba kayan talla ba ne, kuma akwai abin da na faɗa a ciki na ciwon da ya yi yana ƙarami wanda nasa ne, ba na duniya ba.

Daga nan hira ta ɓalle. Hajiya 'yar asalin Salaga ce, sai ta kawo zancen Alhaji Umaru na Karaci, wanda mahaifinta ke rera waƙoƙinsa. Mutumin Kano ne aka haife shi can, ya zo Salaga zamanin fataucin goro, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete Karaci ya zauna yana limanci da karantarwa har ya rasu a 1934. Ya yi waƙa da Larabci da Hausar ajami, ya yi kan talauci da wadata, ya yi kan zuwan Nasara, ya yi kan annobar mura ta 1918. Kuma ya yi wa ɗansa marsiyya da ya riga shi rasuwa. Hajiya ta kawo shi ne don ta nuna min manyan malamai ma sun yi wa 'ya'yansu waƙa, watau tana ba ni izini ta hanyarta, na gane kuma na gode. Amma ni wani wuri abin ya taɓa ni. Marsiyya ce fa. Mu haka muke, sai mutum ya tafi bakinmu ke buɗewa mu lissafa kirkinsa da haƙurinsa gaban jama'a, shi kuma ba ya ji. Kunya abu ne mai kyau, ita ta sa yaron nan ya tashi ba sangarta, ya shaƙu da kakarsa, ba zan zage ta ba har abada. Sai dai ina tsoron yaro ya girma yana zaton ƙannensa aka fi so don su ake kira da suna a rungume, shi kuma sai "kai, zo nan", "babban, ɗauko min". Shekara goma sha biyar yana jin haka daga bakina. Gobe zai hau mota ya wuce Techiman, Kintampo, ya tsallake ruwa a Buipe da Yapei, ya kwana cikin yaran da bai sani ba, ina so ya tafi da sanin matsayinsa a wurina tun ina raye yana raye.

Sai matsalar karatu. A makarantarsu Turanci da Twi ake koyarwa, Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta sa a manhaja, duk da ita muke yi daga Aboabo har Asawase har Sawaba. Yana jin ta tsaf, amma in ya ga ƙ da ɗ a takarda sai ya tsaya yana haɗa baƙi. Na so in yi masa da murya a WhatsApp, to ba a barin 'yan kwana su riƙe waya. Don haka na sake kwafe ta da manyan baƙaƙe, na ninke na cusa cikin bargon, zai karanta a hankali ko da kwana nawa zai ɗauka. A saman takardar na rubuta sunansa cikakke, hannuna har yana karkarwa.

Bayan isha'i babansu ya kira shi ya yi masa nasiha kan salla da abokai, ni kuma na soya masa nama na sa a roba. Ta tsakiya ta biyo ni kicin wai ita tata waƙar ta azumi gajera ce, baiti huɗu kawai, ta Yaya ta fi tsawo, sai na ƙara mata. Na ce ta bari mu dawo daga tasha. Kwaɗon cop bos ma ban samu mai kyau ba yau, sai dai in ciro na ƙofar shago in ba shi, Litinin in sayi wani. Ƙarfe huɗu zan tashi in dafa masa waakye na hanya, Allah ya kai shi lafiya ya haɗa shi da abokai nagari.